Saƙon da Na Kai wa Yaya Azumi

Tun ranar da na sauka daga jirgi ban huta da tambaya ba. In na fito daga masallaci a tare ni, in na zauna a majalisarmu ta ƙofar shagon Alhaji Sabo tela a kewaye ni: yaya Ingila, da gaske ne rana ba ta fitowa, ka ga Sarauniya? Malam Ɗanjuma kuwa tambayarsa ɗaya ce kullum, wai me suka ba ni na ci har na rame haka. Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, kowa ya yagi nasa ya tafi ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda.

Abu biyu ya kai ni. Na farko kowa ya sani, 'yata Bilkisu ce ta gama digirin digirgir a Manchester, ta rantse sai na je na ga an sa mata hular. Na biyu ban faɗa wa kowa a majalisa ba. Ina da yaya a Birmingham, Yaya Azumi, ubanmu ɗaya. Mahaifinmu fataucin goro ya yi, a zangon Kumasi ya haife ta kafin ya dawo Kano ya haife mu. Sau biyu kacal na taɓa ganinta. Ɗanta Nuhu ya shiga sojan Ingila tun yana saurayi, ya ɗauko ta ta zauna tare da shi da matarsa. Wata goma sha ɗaya kafin tafiyata aka kashe Nuhu a Iraƙi. Na yi mata ta'aziyya ta waya, amma ni shekara talatin da ɗaya na yi a gidan waya ina raba wasiƙu, na san akwai saƙon da sai hannu da hannu.

A filin jirginsu na fara shan kunya. Wata jami'a doguwa ta tambaye ni ko ina ɗauke da abinci. Na ce ƙwarai kuwa, har da alfahari, na zuge jaka na fito da ƙullin kilishi uku da na sa aka yi mini na musamman. Ta sa safar hannu, ta buɗe, ta sansana, ta ce ƙamshinsa da daɗi, sannan ta jefa shi cikin wani kwandon shara tana ba ni haƙuri. Nama ba ya shiga ƙasarsu a jakar matafiyi. Na tsaya ina kallon kwandon kamar in bi shi ciki. Daddawa kuwa da ta buɗe ta ja da baya da sauri, ta kira abokin aikinta, suka yi shawara, suka mayar mini da abata. To kun ji: abin da ke ƙamshi suka karɓe, mai warin suka bar mini. Goron Yaya Azumi dai ya tsira.

Bilkisu na jirana da wata ƙatuwar rigar sanyi. Na ce ba na so, babbar rigata ta ishe ni. Muna fita ƙofa iska ta shiga ta hannun rigar nan ta fita ta ɗaya hannun, na miƙa hannu na karɓi rigarta. Na ga kafaɗunta na rawa don dariya.

A wata unguwa da ake kira Withington take, ɗalibai ne suka cika ta. Masaukinta ɗaki ɗaya ne da ɗan kicin a saman wani shagon wanki. Ta bar mini gadon, ita ta koma wurin ƙawarta a ƙasa. Washegari na ce bari in kori warin danshin da ke ɗakin, na kunna turaren wuta. Ban kai ga zama ba wani abu a rufin ɗakin ya fara ihu, gidan gaba ɗaya ya ɗauka, sai ga mutane a kan titi cikin kayan barci. Bilkisu ta hauro a guje.

"Baba! Fire alarm ne! Landlord zai kashe ni wallahi."

Na ce, "Gidan da ba ya son ƙamshi ai shi ya kamata ya ji kunya, ba ni ba."

Abincinsu ba zan zage shi ba tunda na ci na rayu. Amma mutum ya yanka burodi, ya sa masa ganye mai sanyi a tsakiya, ya ci a tsaye yana kallon agogo, ya ce ya ci abincin rana, wannan ban gane masa ba har na dawo. Rana kuma, ku masu tambaya, tana fitowa, sai dai ba ta daɗewa. Ƙarfe huɗu na yamma mun yi magariba. In ka yi azahar kada ka naɗe dardumar, la'asar na bakin ƙofa.

Bikin Bilkisu an yi shi lafiya. Da aka kira sunanta na miƙe na yi kabbara da ƙarfi, duk zauren ya waiwayo, wata tsohuwar Baturiya kusa da ni ta dafa hannuna tana dariya. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, don na tuna mahaifiyarta da ba ta ga ranar ba.

Kwana biyu bayan haka na kama hanyar Birmingham ni kaɗai. Tasharsu ba kwandasta, ba ɗan kamasho, ba mai jan jakarka. Mota kuma ba ta jiran ta cika. Ta farko ta tafi ta bar ni ina alwala a banɗaki, kujeru fiye da rabi babu kowa, na ga bayanta da idona tana fita. Ta biyu ban yarda na ko sha ruwa ba. Awa biyu da wani abu muka yi, babu shingen 'yan sanda ko ɗaya, babu mai tallar gyaɗa, babu kuma wanda ya ce wa wani sannu.

Ramatu matar Nuhu ce ta tarbe ni. Ita ma 'yar zangon Kumasi ce, aikin kula da tsofaffi take yi a gidajensu. Muka hau bas zuwa unguwarsu, Erdington. Babban titin cike yake da jama'a, amma shago biyu a buɗe, na uku an rufe shi da katako. Ta nuna mini wani gini ta ce nan ne ake tara tsofaffi da rana su sha shayi su yi hira, nan Yaya Azumi ke zuwa da, amma council, wato ƙaramar hukumarsu, ta rufe shi, wai gwamnati na tsuke bakin aljihu. Duk inda na juya a ƙasar nan wannan maganar ake yi.

Yaya Azumi na zaune kusa da abin ɗumama ɗaki, ta lulluɓa da mayafi biyu. Da ta ɗago kai sai na ga fuskar mahaifinmu, har da yadda yake ɗan karkatar da wuya. Na durƙusa na gaishe ta. Ta shafa kaina kamar yaro, ni da furfurata, ta ce, "Garba, ka tsufa." Na ce ai ita ta riga ni. Muka yi dariya kaɗan. Sannan na gyara zama, na yi addu'a, na ce mata abin da na ratso duniya don in faɗa.

"Yaya, yaya haƙuri?"

Kowa ya san amsar wannan tambaya, ko yaro ya sani. Ba ta ba ni ita ba. Ta daɗe tana kallon goron da na ajiye a gabanta, sannan ta ce, "Garba, ban san abin da zan yi haƙuri da shi ba tukuna. Akwati aka kawo mini a rufe, aka ce kada a buɗe. Liman ya yi salla a kan katako. Ban ga fuskarsa ba, ban san me ya ce ba. Yaron nan ya daɗe cikin mutanen da ba sa salla. Da me ya cika? Wa ke kusa da shi? In ban sani ba, me zan ce wa zuciyata?"

A kicin, Ramatu na tuƙa mana tuwo da miyar ayoyo, ta ba ni sauran labarin. Ni duk zatona Nuhu soja ne har ya mutu. Ashe ba haka ba ne.

"Kawu, shekara goma sha biyu ya yi a army. Da aka zo cuts ɗin nan na rage kashe kuɗi aka yi redundant ɗinsu, aka sallame su su da yawa. Wata shida yana neman aiki, sai security a supermarket. Sai wani kamfani ya ɗauke shi. Gwamnati ce ke ba kamfanin contract, su raka motocinta da ma'aikatanta a can. Bindigar ita ce, hanyar ita ce, riga ce kawai ta canza."

Na ce, "Wato an sallame shi ta ƙofar gaba, an ɗauko shi haya ta ƙofar baya."

Ta ce, "Haka. Da soja ne, officer zai zo har gida ya zauna da Mma, uwarsa, a sa masa tuta, a rubuta sunansa a dutsen tunawa da sojoji. Mu phone call aka yi mana ina wurin aiki, sai letter ta biyo baya. Na yi ta kiran office ɗinsu, kullum sai a ce mini confidential ne, wai sirri."

Wasiƙar ta nuna mini. Layi bakwai ce, na ƙirga. Na raba wasiƙun mutuwa da yawa a rayuwata, ko ta ɗan kasuwa ga abokin cinikinsa ta fi wannan ɗumi. Sannan ta ɗauko wani ambulan mai kauri. Wata biyu bayan jana'iza ya iso, da agogon Nuhu da carbinsa a ciki, da 'yar takarda mai cewa a yi haƙuri, an sa hannu Terry. Abokin aikinsa ne, mota ɗaya suke ciki ranar. Ramatu ta samo lambarsa a tsohuwar wayar Nuhu, ta kira ya fi sau ashirin, ba ya ɗauka.

Na juya ambulan ɗin, don ma'aikacin gidan waya bayan wasiƙa yake fara dubawa. Babu lambar gida, babu sunan titi, amma ya rubuta 'yan haruffa da lambobin nan da suke sa wa kowane yanki. Na Manchester ne. Na ce wa Ramatu ta ara mini ambulan ɗin.

Da na koma na nuna wa Bilkisu, ta duba a wayarta ta ce titi ɗaya ne a Whalley Range, ba nisa da ita. Sai kuma ta gane abin da nake nufi, ta dafe kai.

"Baba, a nan ba a zuwa gidan mutum babu appointment. Mutumin da bai ɗauki waya ba, he doesn't want to talk. Za su iya kira maka police fa."

Na ce, "Waya ana ƙin ɗauka. Tsoho a bakin ƙofa kuwa sai an san yadda aka yi da shi."

Whalley Range unguwa ce ta manyan gidaje irin na masu hali na da, amma an yayyanka cikinsu ɗaki-ɗaki, kowace ƙofa da ƙararrawa bakwai ko takwas, kowace da sunan mai ita a 'yar takarda. Na ci karo da mai raba wasiƙun titin, da gajeren wando a cikin wannan sanyi. Na gabatar da kaina a matsayin ɗan'uwansa a sana'a, muka gaisa da fara'a, na tambaye shi gidan Terry. Ya ce ko ya sani doka ta hana shi faɗa. Na ji haushi, na kuma ji daɗi, don ni ma da haka zan amsa.

Sai na koma ga abin da na iya. Na riƙe ambulan a hannu, ina bin ƙofa-ƙofa ina duba rubutun da ke jikin ƙararrawa. Mutum na iya ɓoye sunansa, amma hannunsa ba ya ɓuya. Terry na kwantar da haruffansa baya kamar iska na tura su, bakwai ɗinsa kuma da sanda a tsakiya. A gida na goma sha huɗu na gan shi: Flat 7, ba suna, amma ga sandar a tsakiyar bakwai. Na danna.

Murya ta fito ta wani ɗan rami a bango. Da Turanci muka yi duk maganarmu da shi, amma da Hausa zan ba ku. Na ce ni kawun Nuhu ne, daga Najeriya na zo, na zo gaishe shi. Sannan ya ce, "Ka tafi, don Allah." Na ce to, na gode, sai gobe.

Washegari na dawo da hantsi. Na danna, na ce ina kwana, yaya sanyi, yaya jiki. Bai amsa ba. Na zauna a kan ɗan gajeren bangon ƙofar gidan na yi awa guda, yayyafi na sauka a kan hulata, na ga labulen sama ya motsa sau biyu. Na tashi na ce wa ramin bangon sai gobe.

Rana ta uku ban kai ga zama ba ƙofa ta buɗe. Wani ƙaton mutum ne, gemu ya cinye masa fuska, shekarunsa ba za su wuce arba'in ba amma yana tafiya kamar ni. Ya ce, "Tsoho, mutuwa za ka yi a bakin ƙofata. Shigo ka sha shayi."

Ɗakinsa duhu, labule a rufe da rana tsaka. Abin da ya fi taɓa ni tulin wasiƙu ne a bayan ƙofa, ba a buɗe ko ɗaya ba. Yana dafa shayi hannuna ya kasa haƙuri, na tsugunna na jera masa su: na asibiti daban, na council daban, na talla daban. Ya fito ya same ni a haka, ya yi wani ɗan sauti da nake zaton dariya ce da ta daɗe ba a yi amfani da ita ba. Ya ce in zauna ta damansa, kunnen hagu ya mutu tun ranar.

Muka sha shayi. Na tambaye shi iyayensa, na tambaye shi garinsu, na ba shi labarin kilishina. Ya ce Nuhu ya taɓa ba shi irinsa, ya kwana yana shan ruwa. Can ya ajiye kofi ya ce, "Ba za ka tambaye ni ba?"

Na ce, "A wurinmu ba a shigowa da tambaya a baki. Kuma tambayar ba tawa ba ce."

Ya ce to bari ya faɗa mini, in je in faɗa mata yadda na ga ya dace. Ya buɗe baki zai fara, na ɗaga masa hannu. Na ce shekara talatin da ɗaya ban taɓa buɗe wasiƙar wani ba, ba zan fara a kansa ba. Saƙon na uwar Nuhu ne. Aikina in kai shi ƙofarta a rufe.

Ya dube ni, idonsa ya yi ja. Ya ce, "Abin da ke bakina zai kashe ta. Ɗanta ya mutu yana roƙona abu, na yi masa ƙarya. Kana so in faɗa wa tsohuwa haka?"

Ba zan yi muku ƙarya ba, na so in tashi in ce masa ya bari. Yaya Azumi na zaune cikin rashin sani, amma rashin sani aƙalla yana barin ƙofa a buɗe. In na kai mata mutumin nan ya rufe ƙofar fa? Da wane ido zan dube ta? Na yi ta juya carbi a aljihu. Daga ƙarshe na ce masa, "Wata goma sha ɗaya tana tambaya. Ko me ne ne, nata ne. Kai ma ka gaji da riƙonsa."

Ranar Asabar muka hau jirgin ƙasa ni da shi. Ya aske gemu, ya sa farar riga da ta yi masa yawa. A hanya ya tambaye ni ko zai cire takalmi a ƙofa. Na ce ya cire.

Yaya Azumi ba ta jin Turanci sosai, don haka ni ne tafinta. Ramatu ta tsaya a bakin ƙofar kicin, ta kasa zama. Terry ya ƙi kujera, ya zauna a ƙasa kamar yadda ya ga na yi. Yaya ta sa aka ba shi ruwa, ta tambaye shi hanya, ta tambaye shi mahaifiyarsa. Sai da aka gama wannan duka ta ce, "To, faɗa mini."

Ya ce motoci huɗu ne, suna raka manyan motocin kaya, Nuhu ke tuƙa ta gaba. Bam ne aka binne a hanya. Shi Terry ya farka a gefen titi, kunnuwansa ba sa jin komai. Ya ja Nuhu ya fito da shi, ya ɗora kansa a cinyarsa. Aka kira neman jirgi mai saukar ungulu. Amma kamfani ba shi da jirgi nasa, sai an roƙa, sai an bi layi, su kuma ba sojoji ba ne. Suka yi ta jira.

Ina fassarawa ina auna kowace kalma, ina neman inda zan rage mata kaifi. Yaya ta lura, ta ce, "Garba, kada ka tace mini."

Terry ya ce leɓen Nuhu na ta motsi, amma shi ba ya ji. Ya kai kunne, babu komai sai ƙara. Sai Nuhu ya ɗaga hannu yana nuna sama. "Jirgin yake tambaya," in ji Terry. "Na duba sama, babu komai. Na ce masa yana zuwa, abokina, ga shi nan zuwa. Ƙarya nake yi, na san ba ya zuwa. Bai daina nunawa ba. Da hannun ya fara faɗuwa sai ya yi ta ƙoƙarin ɗaga shi, ni kuma na kama na riƙe masa shi a sama, don in jirgin ya zo ya gan mu. A haka ya tafi, yana nuna abin da na kasa kawo masa."

Yana faɗa yana nunawa. Ya dunƙule hannun dama, ya miƙe yatsa ɗaya sama, yatsan nan da muke ɗagawa a zaman tahiya.

Wannan ban fassara ba. Babu buƙata. Na ji Ramatu ta ce "Allahu Akbar" a bayana, ta sulale ta zauna a ƙasa.

Yaya Azumi ta matso gaba a hankali. Ta ce in tambaye shi wane hannu. Ya ce dama. Ta ce yatsa nawa. Ya ce ɗaya. Ta ce leɓensa na motsi har ƙarshe? Ya ce har ƙarshe. Sai ta rufe fuska da mayafi, ta yi kukan da Ramatu ta ce mini ba ta yi ba ko ranar jana'iza.

Terry ya tsorata, ya dube ni yana cewa ai ya faɗa mini, ai ya faɗa mini. Na kama kafaɗarsa na ce ya saurara da kunnensa mai ji. Na ce Nuhu ba jirgi yake nema ba. Musulmi in ya ga tafiya ta zo, yana ɗaga yatsa ɗaya ya shaida Ubangijinsa ɗaya ne, bakinsa na faɗin kalmar. Ita ce abin da kowannenmu ke roƙon ya cika da ita, ita ce abin da tsohuwar nan ta yi wata goma sha ɗaya tana son ji. Na ce, "Ba roƙonka yake yi ba. Sallama yake yi. Da ƙarfinsa ya ƙare, kai ka riƙe masa."

Ya ce ya sha ganin Nuhu na salla, amma kullum ta baya, don shi ke tsaya masa gadi da bindiga har ya idar. Bai taɓa ganin hannunsa ba.

Yaya ta share fuska, ta miƙa hannu ta kamo nasa, ƙaton hannu mai tabo, ta juya shi ta duba ciki da baya. Ta ce, "Da wannan ya riƙe?" Na ce da shi. Ta riƙe shi da hannayenta biyu ta yi ta sa masa albarka da Hausarta ta zango, shi ba ya jin ko kalma ɗaya, yana ta gyaɗa kai hawaye na zuba a kan farar rigar. Sannan ta juya ta ce wa Ramatu, "Mutumin nan ya rame. Zuba masa tuwo."

Ya ci kuwa, da cokali, ya ƙona baki da yajinsu. Da la'asar muka je maƙabarta mu huɗu. Babu tuta a kabarin, babu komai sai ɗan allo da sunansa. Muka yi addu'a, Terry na tsaye a bayanmu, ya juya yana kallon hanya. Ina jin gadin ne bai iya dainawa ba.

Ban ce komai ya gyaru ba. Sunan Nuhu har yau ba ya kan dutsen kowa, kamfanin bai ƙara ko layi ɗaya a kan bakwai ɗin nan ba, kuma na ji ana ta ɗaukar wasu samarin. Terry dai Bilkisu ta ce ya buɗe wasiƙunsa na asibiti, kuma yana zuwa Erdington wata-wata, Ramatu ta koya masa cin tuwo da hannu.

Ranar da zan taho na koma yi wa Yaya sallama. Mu biyu mun san da wuya mu sake ganin juna. Ta fasa goro ɗaya daga cikin waɗanda na kawo, ta ba ni rabi, ta ce kilishin da aka ƙwace ta yafe wa Turawa. Na ɗauki jaka har na kai ƙofa, sai na ga akwai abin da na zo da shi da ba a karɓa ba. Na dawo na durƙusa.

Na ce, "Yaya, yaya haƙuri?"

Ta ɗan karkatar da wuya irin na mahaifinmu, ta ce, "Haƙuri mun gode Allah, Garba. Ka gai da gida."